Madogara da Satar Fasaha a Kundayen Ɗalibai: Misali Daga Nazarin Dagona da Ƙasar Bade

1.0 Gabatarwa

Dagona gari ne a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, yana tsakanin Gashuwa daga gabas da Nguru daga yamma. Duk da ƙanƙantarsa, sunansa ya shiga littattafai da rahotanni fiye da na garuruwa da yawa da suka girme shi, saboda tafkin da ke kusa da shi, inda tsuntsayen ruwa kan yi dandazo lokacin hunturu, wasu 'yan gida kamar dinya da kirinjijiya, wasu kuwa baƙi da ke tasowa tun daga Turai. A 1989 Yarima Filip na Ingila ya ziyarci wurin. A 1991 aka sanya shi cikin Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, sannan a 2008 aka shigar da tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, bayan Tafkin Nguru da ya riga shi shiga tun 2000.

Ba abin mamaki ba ne ke nan idan ɗaliban manyan makarantun yankin, kamar Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, da na sauran jami'o'in arewacin ƙasar nan, suka riƙa zaɓar wannan wuri su rubuta kundi a kansa, ko ta fuskar su da noma da kiwo, ko ta fuskar harshe da al'ada. Wannan muƙala za ta yi amfani da abubuwan da aka rubuta a kan Dagona da ƙasar Bade domin bayyana abin da ake nufi da madogara, da abin da ake nufi da satar fasaha. Ra'ayin da za a kare shi ne, illar satar fasaha ba ta tsaya ga tauye haƙƙin mai magana ba. Duk bayanin da aka raba shi da sunan mai shi, an raba shi da lokacinsa da wurinsa, kuma daga nan yakan rikiɗe ya zama ƙarya ko da asalinsa gaskiya ne.

2.0 Ma'anar Madogara da Satar Fasaha

Madogara ita ce alamar da mai nazari kan ajiye a jikin maganar da ba tasa ba, domin mai karatu ya san daga bakin wa ko alƙalamin wa ta fito, a wace shekara, kuma a wane shafi. Manazarta kuwa ita ce jerin cikakkun sunayen ayyukan da aka dogara da su, wadda ake kawowa a ƙarshen kundi. Satar fasaha ita ce mutum ya gabatar da kalmomin wani, ko tunaninsa, ko sakamakon bincikensa, ta yadda mai karatu zai ɗauka nasa ne.

Nau'in da kowa ya sani shi ne kwafe kai tsaye, wato a ɗauko sakin layi ɗungurungum a dasa. Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ya fi shafar sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne satar da ake yi ta hanyar fassara. Galibin abin da aka rubuta a kan fadamar Haɗeja da Nguru da Ingilishi aka rubuta shi. Ɗalibin da ke rubuta kundinsa da Hausa yakan ɗauko shafi guda ya mayar da shi Hausa, ya ji a ransa cewa tun da shi ya sha wahalar zaɓen kalmomi, to maganar ta zama tasa. Alhali kuwa kalmomin kawai ya mallaka. Tunanin da tsarin hujjar suna nan na mai su, kamar dai wanda ya ari riga ya kai ta marina, launi ya sauya amma ɗinkin na nan. Akwai kuma nau'i na uku wanda ya fi waɗannan wuyar ganewa, shi ne aron madogara. Ɗalibi ya ga wani kundi da ya gabace shi ya ambaci wani littafi, sai ya kwashe maganar da madogararta ya zuba a nasa, ya kuma jera littafin a manazarta, alhali ko bangonsa bai taɓa gani ba. A ido aikin ya cika ƙa'ida, amma shaidar zur ce, domin ya yi iƙirarin ganin abin da bai gani ba. Idan na farko ya yi kuskure wajen kwafe shekara ko adadi, haka kuskuren zai yi ta gado daga kundi zuwa kundi.

Ya kamata a rarrabe tsakanin wannan da keta haƙƙin mallaka. Haƙƙin mallaka al'amari ne na shari'a, wanda a Nijeriya dokar 1988 ta tsara, sannan dokar 2022 ta maye gurbinta, kuma yana da wa'adin da yake ƙarewa. Satar fasaha kuwa al'amari ne na amanar ilimi, ba ta da wa'adi. Littafin da aka buga a 1854 ya daɗe da fita daga kariyar doka, kowa na iya sake buga shi, amma wanda ya kwashi bayaninsa bai ambace shi ba ya yi sata.

Wani lokaci akan ji ɗalibai, har ma da wasu manya, suna cewa wannan ƙa'ida ce ta Turawa, wai a wurinmu ilimi na kowa ne. Wannan magana ba ta da tushe. Malaman Hadisi sun gina fanninsu kacokan a kan isnadi, wato jerin waɗanda suka karɓi magana daga juna har zuwa tushenta, kuma rauni a jerin rauni ne ga maganar. Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta risala sukutum mai suna Al-Fariƙ bainal Musannif was Sariƙ, domin rarrabe mawallafi da ɓarawo. A nan ƙasar Hausa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Har yau almajirin zaure ba ya jin nauyin cewa "na ji daga malam wane". Abin da boko ya ƙara kawai shi ne shekarar bugu da lambar shafi.

3.0 Abin da ke Salwanta Idan Aka Cire Madogara

Fadamar Haɗeja da Nguru wuri ne da ba ya zama da kama ɗaya. Rayuwarta ta dogara ga ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda kan bazu a yankin kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ya ratsa ta Gashuwa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kammala ta Challawa a 1992, ga kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan sun sauya yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa. Ƙididdigar da aka yi ta nuna cewa a ƙarshen shekarun 1960 faɗin ƙasar da ambaliya ta mamaye ya haura murabba'in kilomita 2,000, amma a wasu shekaru na ƙarshen 1980 da farkon 1990 bai kai 1,000 ba. Daga baya kuma wata matsala ta daban ta kunno kai. Sakin ruwa daga madatsu har cikin rani ya sa ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe wasu hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi zuwa wasu, har ya kasance wasu gonaki sun nutse a daidai lokacin da wasu ke kukan ƙishirwa.

To, a ɗauka ɗalibi ya rubuta a babi na ɗaya cewa fadamar tana da faɗin kaza, ya kawo adadi guda ba tare da madogara ba. Mai karatu ba shi da hanyar sanin ko adadin na gabanin Tiga ne ko na bayanta, ko na shekarar fari ne ko na shekarar damina mai albarka. Adadin da ya kasance gaskiya a shekararsa ya zama ƙarya a kundin da ya gabatar da shi a matsayin halin da ake ciki yau. Da ɗalibin ya rubuta sunan mai ƙididdigar da shekarar a cikin baka biyu, da ya kuɓuta, domin shekarar da kanta za ta gargaɗi mai karatu.

Babban tushen da ake yawan komawa gare shi a nan shi ne littafin da G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka tace, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta buga a 1993. Littafin ya samo asali ne daga aikin shirin kare fadamar da aka fara a 1987, mai hedikwata a Nguru. Aiki ne mai daraja, amma hoton fadamar ne kamar yadda take fiye da shekara talatin da suka wuce. Akwai kuma nazarin da E. B. Barbier ya yi tare da Adams da K. Kimmage a farkon shekarun 1990, inda suka ƙiyasta amfanin da ake samu daga noma da su da itacen wuta a fadamar, suka nuna cewa ruwan da ya isa fadama ya fi kawo riba a kan irinsa da aka tsare domin noman rani a Kano. Sun yi lissafinsu ne da darajar Naira ta 1989 zuwa 1990, lokacin da dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira 10 ba. A 2024 dala ɗaya ta haura Naira 1,000. Wanda ya kwashe adadin Nairorin nan ya zuba a kundinsa ba shekara ba suna, ya mayar da hujjar da aka kafa domin nuna arzikin fadama ta koma hujjar talaucinta, domin mai karatu na yau zai ga kuɗin da ko mudun gero ba za su saya ba.

Akwai wata alama da malamai masu duba kundi suka daɗe da sani, mai ban dariya da ban takaici. An ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno, da Jihar Jigawa daga Kano, a watan Agusta na 1991. Saboda haka rahoton da aka rubuta a 'yan shekarun da suka gabaci wannan lokaci zai ce Nguru da Gashuwa suna Jihar Borno, Haɗeja kuma tana Jihar Kano. Idan aka tarar da kundin da aka rubuta yau yana faɗin haka da bakin mai shi, to ba sai an nemi wata shaida ba. Mai kwafe ba ya karanta abin da yake kwafewa, shi ya sa zai iya zama a Gashuwa ya rubuta da hannunsa cewa yana Borno.

Haka abin yake ta fuskar harshe. Badanci ɗaya ne daga harsunan Cadi, dangin Hausa ne na nesa, kuma ɗan'uwan Ngizim da Duwai na kusa. Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wanda ya rasu a 2016, ya nuna cewa harshen yana da manyan karuruwa uku: na yamma, da na Gashuwa, da na kudu. Ɗaya daga abubuwan da suka bambanta karin yamma, wanda Dagona ke cikinsa, shi ne yadda suna kan ƙare da harafin "n" idan an ambace shi shi kaɗai, abin da ba a samu haka a karin Gashuwa. Ɗalibin da ke kwatanta Hausa da Badanci, idan ya tsinto kalmomi daga nan da can ya jera su ba tare da faɗin inda ya samo kowace ba, zai gauraya kari biyu a jadawali ɗaya, ya fitar da ƙa'idar da babu Babaden da ke magana da ita. Wanda ya zo bayansa kuma ba zai iya warware cuɗanyar ba, domin an share sawun.

4.0 Haƙƙin Mai Bayanin Baka

Yawancin abin da ɗalibi zai samu sabo a Dagona ba a littafi yake ba. Yana bakin masunta da suka san sunan kowane kifi da lokacin hayayyafarsa, da manoman shinkafar fadama, da makiyaya, da tsofaffin da suka ga ruwan kafin a gina Tiga. A nan ne aka fi yin sakaci, domin ɗalibi na ganin wanda bai yi boko ba ba ya cikin waɗanda ake kafa hujja da su. Sai a ga an rubuta "bincike ya nuna" ko "an ce", alhali wani dattijo ne ya zauna awa biyu a gindin bishiya yana bayani.

Tarihin nazarin harsunanmu yana da darasi a kan wannan. A 1854 S. W. Koelle ya buga Polyglotta Africana, inda ya tattara kalmomi kusan 300 a cikin harsuna fiye da 100 daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun ta Saliyo, kuma Badanci da Ngizim da Duwai suna ciki. Koelle bai tsaya ga kalmomi ba. Ya rubuta sunayen waɗanda suka ba shi bayani, da garuruwansu, da tsawon lokacin da suka yi rabonsu da gida. Saboda wannan ne masana har yau suke iya auna kalmominsa, su gane daga wane yanki mai maganar ya fito, su kuma yi hattara da wanda ya daɗe bai yi harshensa ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta kaso mai yawa na Magana Hausa da aka buga a 1885. Schön bai ɓoye sunan Dorugu a cikin littafin ba, amma littafin da sunan Schön aka san shi, kuma sai a 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarin rayuwar Dorugu a matsayin aikinsa na kansa.

Misali mafi kusa kuwa daga Dagona ɗin ya fito. Shirin nazarin harsunan Yobe, wanda Schuh ya jagoranta tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, ya buga ƙamusoshin Badanci da Ingilishi da Hausa guda biyu a 2004, aka sake buga su a 2009. Na karin yamma yana ɗauke da sunan Bala Wakili Dagona a matsayin mawallafi, na karin Gashuwa kuma yana ɗauke da sunan Musa Muktar Tarbutu, shi kuwa Schuh sai ya tsaya a matsayin mai tacewa. Farfesan da duniya ta san shi ya ga ya dace sunan masu harshen ya hau bango. Abin kunya ne a ce ɗalibi ɗan ƙasa ya ɗebi kalmomi daga waɗannan ƙamusoshi ya ce "Turawa sun ce", ko ya yi shiru gaba ɗaya.

Hanyar ambaton hira ba ta da wuya. A rubuta sunan wanda aka yi hira da shi, da kimanin shekarunsa, da sana'arsa, da wurin da aka yi hirar, da ranar, da harshen da aka yi ta. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci a ƙasar Bade, inda ake jin Badanci da Hausa da Barbarci da Fulatanci, domin bayanin da ya bi ta bakin tafinta ba daidai yake da wanda aka ji kai tsaye ba. Sai dai akwai togiya. Batun fadama yakan taɓo rikicin manoma da makiyaya, da kamun kifi ko farauta a wurin da hukuma ta hana. Wanda ya buɗe cikinsa a kan irin wannan yana iya shiga matsala idan sunansa ya fito. A nan sai a nemi izininsa tun farko, in bai yarda ba a sakaya sunan, a ce "wani masunci mai kimanin shekara kaza", a bar wuri da rana, a kuma sanar da malami mai duba aikin. Sakaya suna domin kare mutum daban yake da haɗiye maganarsa.

5.0 Yadda Ake Kauce wa Satar

Galibin satar da ake samu a kundayen digiri na farko ba a ranar rubutu take farawa ba, tun a ɗakin karatu take farawa. Ɗalibi yakan kwafi sakin layi a littafin ajiyar bayanansa bai rubuta inda ya samo ba, bayan wata uku ya buɗe ya ga rubutun hannunsa, ya ɗauka tunaninsa ne. Maganin wannan shi ne kada a rubuta ko layi ɗaya sai an fara da sunan mawallafi da shekara da shafi, kuma duk abin da aka kwafa kalma da kalma a sa masa alamar zancen wani nan take. Idan an zo rubutu, maganar da aka ɗauko yadda take a bar ta cikin alamarta, doguwa kuma a ware ta a tsakiyar shafi. Wadda aka taƙaita ko aka fassara, a faɗi cewa an taƙaita ko an fassara, a kawo madogara, kamar a ce Hollis da wasu, 1993, sai lambar shafi. Idan littafin bai zo hannu ba, a ce "kamar yadda wane ya ruwaito daga wane", kuma wanda aka gani ɗin kaɗai za a jera a manazarta. Abin da kowa ya sani, kamar kasancewar Gashuwa mazaunin Mai Bade, ba ya bukatar madogara. Ko wane tsari sashe ya zaɓa, a bi shi daga farko har ƙarshe.

Jami'o'i da dama a Nijeriya suna amfani da manhajojin kwamfuta irin su Turnitin, masu kwatanta rubutun ɗalibi da abin da ke rumbunsu da intanet. Suna da amfani, kuma a ƙasashen waje tonon irin wannan asiri ya kai ga manya: a 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa. Amma a fagen da muke magana ƙarfin na'ura kaɗan ne. Ba ta cika gane shafin da aka fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ba, ba ta san kundin da aka buga da tafireta yana kwance a kanta ba, balle maganar dattijon Dagona da ba a taɓa rubutawa ba. Daga ƙarshen 2022 kuma manhajoji masu rubutu da kansu irin su ChatGPT sun ƙaro wata damuwa, domin sukan ƙago sunan littafi da mawallafi da shekara waɗanda babu su, musamman a kan ƙananan wurare da harsunan da ba a yi rubutu mai yawa a kansu ba.

Nauyin ke nan ya dawo kan malami mai duba kundi. Ya isa ya zaɓi madogara uku ko huɗu daga babi na biyu, ya ce ɗalibi ya kawo littafin ko hoton shafin, ya kuma nemi jin faifan hira ɗaya ko ganin littafin da aka rubuta ta. A ranar kare kundi kuma a tambayi ɗalibi adadin faɗin fadamar da ya kawo na wace shekara ne, kuma wa ya auna shi.